Shirin Jarrabawar Tarihi A Makarantun Sakandare: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A kowace shekara, daga lokacin da zafin bazara ya kankama har zuwa saukar damina, babu abin da ke gaban 'yan ajin ƙarshe na makarantun sakandare sai jarrabawar fita. Ta Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ita ce ke fara zuwa wajen watannin Mayu da Yuni, sa'an nan ta Hukumar Jarrabawa ta Ƙasa, watau NECO, ta biyo baya. A wannan lokaci ne kasuwar masu sayar da 'yan ƙananan littattafan nan na tambaya da amsa take ci. A bakin ƙofar makaranta da tashar mota da rumfunan kasuwa za a ga yara suna rububinsu, kowa yana fatan ya haɗiye karatun shekara uku a cikin mako uku.

Darasin Tarihi yana cikin darussan da wannan ɗabi'a ta fi yi wa ɓarna. Dalili kuwa shi ne, yara da yawa, har ma da iyayensu, sun ɗauka Tarihi hadda ce kurum ta sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe, alhali kuwa abin da masu shirya jarrabawa suka fi nema shi ne bayani: me ya jawo abu kaza, yaya ya gudana, kuma me ya haifar. Yaron da ya haddace cewa an ci Alƙalawa a shekarar 1808, amma bai iya faɗin abin da ya kai Gobir ga wannan hali ba, ya riƙe kube ne ya bar wuƙar. Saboda haka kayan karatun da suka cancanci a kashe musu kuɗi da lokaci su ne waɗanda ke koya wa yaro yin bayani, kuma abin farin ciki, yawancinsu ba su da tsada, wasu ma suna nan a bakin ƙofa ba a lura da su ba.

YADDA AKA ZO NAN

Kafin a shiga batun kayan karatun, ya kyautu a san dalilin da ya sa suka yi ƙaranci. A da can Tarihi yana cikin manyan darussan makarantun ƙasar nan. An kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya tun a shekarar 1955, kuma malamai irin su Farfesa Kenneth Dike da Farfesa J. F. Ade Ajayi a Ibadan, da Farfesa Abdullahi Smith da Dokta Yusufu Bala Usman a Zariya, sun yi aiki tuƙuru don a daina koya wa ɗan Afirka cewa tarihinsa ya fara ne daga ranar da Bature ya sauka a bakin teku. Daga aikinsu da na almajiransu aka samu littattafan da makarantu suka dogara a kansu shekara da shekaru.

To, amma sannu a hankali sai darasin ya yi ta ja da baya. A shekarar karatu ta 2009 zuwa 2010 aka janye shi daga manhajar firamare da ta ƙaramar sakandare, ɗan abin da ya saura aka narkar da shi cikin darasin Nazarin Zamantakewa. A babbar sakandare kuwa ya zauna a matsayin darasin zaɓi, ɗalibai da yawa suka gwammace su ɗauki darasin Gwamnati a maimakonsa. Da ɗalibai suka ragu sai makarantu suka daina neman malaman Tarihi, masu ɗab'i suka rage buga littattafansa, taswirorin da ke rataye a bangon azuzuwa kuma suka tsufa suka yage ba a sake su ba.

Bayan koke-koken masana da sauran jama'a, Gwamnatin Tarayya ta dawo da darasin. A watan Nuwamba na shekarar 2022 aka ƙaddamar da shirin horar da malaman Tarihi 3,700, watau ɗari ɗaya daga kowace jiha da kuma Babban Birnin Tarayya. A shekarar 2025 kuma Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa za a riƙa koyar da Tarihin Nijeriya a kan tilas tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Wannan mataki ne mai kyau, sai dai malamai ɗari ba za su wadaci jihar da ke da ɗaruruwan makarantu ba, kuma sanarwa ba ta sa littafi a hannun yaro. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa a bana ko baɗi ya taso ne a cikin shekarun da darasin ke kwance, don haka tilas shi da malaminsa su san yadda za su yi da abin da ke hannu.

MANHAJA DA RAHOTON MASU DUBA TAKARDU

Kayan aiki na farko, wanda kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne manhajar jarrabawar kanta. 'Yan shafuka ne kaɗan, amma a cikinsu aka zayyana duk batutuwan da za a iya yin tambaya a kansu. Ba abin mamaki ba ne a sami ɗalibi ya shekara uku a babbar sakandare bai taɓa sa ta a ido ba. Ya kamata kowane malami ya sami ta shekarar da ake ciki, tun da yake akan yi mata gyara lokaci lokaci, ya kafe ta a bangon aji, kuma duk batun da aka gama a sa masa alama a gaban kowa.

Bisa tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, jarrabawar Tarihi takarda biyu ce. Ɗaya ta ƙunshi tambayoyi hamsin waɗanda ake jera wa ɗalibi amsoshi ya zaɓi ta daidai, irin waɗanda 'yan makaranta ke kira canki-canka, kuma ta shafi Afirka ta Yamma da hulɗarta da sauran duniya. Ɗayar kuwa ta insha'i ce a kan tarihin Nijeriya, an kasa ta kashi uku: tun daga zamanin da har zuwa 1800, sai ƙarni na goma sha tara, sai kuma daga 1900 zuwa 2000. Ana bukatar ɗalibi ya amsa tambaya huɗu cikin sa'a biyu, kuma lalle ya taɓa kowane kashi. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ya ƙware a kan Daular Sakkwato kaɗai, ya yi watsi da zamanin mulkin mallaka da abin da ya biyo bayan samun 'yanci, ya riga ya zubar da wani kaso na makinsa tun kafin ya shiga ɗakin jarrabawa.

Abu na biyu shi ne rahoton da manyan masu duba takardu suke rubutawa bayan kowace jarrabawa, wanda hukumar ke sakawa a shafinta na intanet. A cikinsa sukan bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su faɗi abin da aka so a rubuta da kuma inda ɗalibai suka yi tuntuɓe. Kurakuran da suka fi nanatawa sanannu ne ga duk malamin da ya taɓa duba takardun: rashin fahimtar abin da tambaya take nufi, da jero dalilai tsirara ba tare da bayani ba, da raunin Turanci.

Alal misali, a ce an tambayi dalilan da suka jawo jihadin 1804. Ɗalibin da ya dogara ga ɗan littafin tambaya da amsa zai rubuta kalmomi uku ko huɗu a jere, ya ce addini, haraji, zalunci, ya wuce. Wanda ya karanta sosai kuwa zai ɗauki kowane dalili ya ba shi sakin layi nasa. Zai bayyana yadda wa'azin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tara jama'a a Ɗegel har sarakunan Gobir suka fara jin tsoron ƙarfinta. Zai ambaci dokokin da Sarkin Gobir Nafata ya kafa na hana ɗaura rawani da lulluɓi da taƙaita wa'azi. Zai nuna yadda jangali da sauran kuɗaɗen da ake ɗora wa makiyaya da talakawa suka sa suka karkata ga masu neman gyara. Daga nan ya kawo rikicin da ya tsananta a zamanin Yunfa, wanda ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804 da gwabzawar Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara. Dalilan nasu iri ɗaya ne, amma makin da za su samu ba zai zo kusa da juna ba.

LITTATTAFAN TURANCI DA NA HAUSA

Tun da yake da Turanci ake rubuta jarrabawar, babu makawa sai an sami littafin karatu na Turanci wanda ya bi manhaja, ko da kuwa guda ɗaya ne tsakanin yara biyar. Akwai sababbi da aka rubuta musamman don babbar sakandare, kuma ma'aunin da za a auna kowannensu da shi shi ne a ɗora jerin babobinsa a kan manhaja a ga abin da ya bari. Amma da tsohuwar zuma ake magani. A ɗakunan karatu na tsofaffin makarantun gwamnati da kwalejojin horon malamai, har ma da akwatunan ma'aikatan da suka yi makaranta a shekarun 1970 da 1980, akwai littattafan da har gobe ba su rasa amfani ba. Littafin K. B. C. Onwubiko mai juzu'i biyu a kan tarihin Afirka ta Yamma an rubuta shi ne domin masu shirin irin wannan jarrabawa. Na Adu Boahen, masanin nan na ƙasar Ghana, mai suna Topics in West African History, gajere ne kuma Turancinsa mai sauƙi. Shi kuwa Groundwork of Nigerian History, wanda Farfesa Obaro Ikime ya tsara aka buga a 1980, ya fi dacewa da malami wajen shirya darasi. Sai dai a tuna cewa waɗannan duka an rubuta su kafin abubuwan da suka faru a ƙarshen ƙarni na ashirin, saboda haka dole a cike wannan giɓi da sabon littafi.

Haka kuma akwai babban aikin nan na Tarihin Afirka wanda hukumar UNESCO ta fara shiryawa a 1964, wanda ake samu kyauta a intanet. Ya yi wa ɗan sakandare nauyi, amma malami zai iya tsamo babi ɗaya ya sauƙaƙa shi.

Ga yaron da Hausa ce harshensa akwai wata gada da ba a cika amfani da ita ba. Sau da yawa abin da ke hana shi fahimta Turancin littafin ne, ba labarin da ke ciki ba. In ya fara jin labarin da harshen da yake tunani da shi, sai ya koma ga na Turanci ya tarar rabin aikin ya ƙare. Littafin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar a farkon shekarun 1930, yana ɗauke da fassarar tsohon Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna arba'in da takwas tun daga Bagauda. A nan ne yaro zai karanta zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, da ayyukan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Akwai Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, da Zuwan Turawa Nijeriya Ta Arewa na Abdulmalik Mani. Wasunsu sun yi wuyar samu a kasuwa, amma duk makarantar da ta dace da kwafi ɗaya ta sami abin karanta wa aji a bayyane. Sharaɗin kurum shi ne, bayan an karanta an tattauna da Hausa, a sa kowane yaro ya rubuta taƙaitaccen abin da ya ji da Turanci, don kuwa da shi za a tambaye shi.

TASWIRA DA JADAWALIN SHEKARU

Tarihi a kan ƙasa ya faru, kuma yaron da bai san inda wurare suke ba zai yi ta ruɗewa. In makaranta ba ta da taswirar bango, kwali da alƙalamin zane sun isa, kuma wadda yara suka zana da hannunsu ta fi zama a kansu. Taswira ɗaya ta nuna hanyoyin fatauci na hamada: wadda ta tashi daga Kano ta bi ta Agadas da Gat da Gadamus zuwa Tarabulus, da wadda ta tashi daga Barno ta bi ta Bilma da Murzuk. A kan wannan taswira kuma a ja hanyar fataken goro zuwa Gwanja. Da zarar yaro ya ga waɗannan layuka sun haɗu a Kano da Katsina, ba sai an yi masa dogon bayani a kan dalilin bunƙasar biranen nan ba. In aka ƙara masa layin dogo da ya iso Kano a 1911, zai gane da kansa abin da ya juya fuskar ciniki daga hamada zuwa bakin teku, da yadda gyaɗa ta zama abin fitarwa.

Wata taswirar ta nuna Daular Sakkwato da masarautun da aka ba tuta, tare da rabon kula da su da aka yi tsakanin Sakkwato da Gwandu. Wata kuma ta nuna yadda aka yi ta sake fasalin ƙasar nan: haɗe Arewa da Kudu a 1914, da jihohi uku na da, da ƙirƙiro ta Tsakiyar Yamma a 1963, da jihohi goma sha biyu a 1967, da goma sha tara a 1976, har zuwa talatin da shida a 1996.

Jadawalin shekaru shi ma haka yake. Amfaninsa shi ne ya nuna wa yaro abin da ya riga wani da abin da ya yi zamani da wani. A ja dogon layi a bangon aji, a kasa shi gida gida, Arewa a sama, Kudu a ƙasa, sauran duniya a gefe. Nan take yaro zai ga cewa Ingila ta haramta wa mutanenta cinikin bayi a 1807, ana tsakiyar jihadi a ƙasar Hausa. Cewa Turawa sun karɓe Ikko a 1861, fiye da shekara arba'in kafin su ci Kano da Sakkwato a 1903. Cewa Rabe ya ci Barno a 1893, shekara takwas bayan an tashi daga taron Berlin inda ƙasashen Turai suka shata ƙa'idojin rabon Afirka. Tsare-tsaren mulki na zamanin Turawa, waɗanda ke yawan rikita ɗalibai, su ma a jera su: na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, na Lyttleton a 1954, a ƙarƙashin kowanne a rubuta abin da ya kawo sabo da abin da 'yan kishin ƙasa suka ƙi a cikinsa.

TARIHIN DA KE BAKIN ƘOFA

A cikin batutuwan da ake fara koya wa ɗalibin Tarihi akwai hanyoyin da ake bi a san abin da ya wuce, watau labarin baka, da rubutattun takardu, da kayan da ake tonowa daga ƙasa. Wannan batu ne da ake iya koyarwa ba tare da an sayi komai ba, domin gani ya kori ji. A Kano akwai Gidan Makama da ganuwa da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi. A Katsina akwai Hasumiyar Gobarau da ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sir Ahmadu Bello suka yi karatu. A Daura akwai rijiyar Kusugu, a Sakkwato akwai Hubbaren Shehu da hukumar adana kayan tarihi mai ɗauke da sunan Waziri Junaidu. A Kaduna akwai reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da kuma Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi tun 1970. Gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, yana ajiye da mutum-mutumin yumɓu na Nok. A Jihar Yobe kuwa, a ƙauyen Dufuna, aka gano wani kwalekwale a 1987 wanda bincike ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000.

Ziyarar irin waɗannan wurare takan zama yawon buɗe ido kurum in ba a shirya ta ba. Ya kamata malami ya ba kowane yaro tambaya biyu ko uku da zai nemo amsarsu, in an dawo kuma a rubuta rahoto. Makarantar da ke nesa da birni ita ma ba ta rasa abin yi ba, don da wuya a sami gari marar kufai ko tsohuwar ganuwa ko marina ko maƙera, ko dattijon da ya san jerin sarakunan garin. A aiki yara su jiyo labarin kafuwar garin daga bakin mutum biyu dabam dabam, su zo su gwada inda labaran suka dace da inda suka saɓa. Yaron da ya yi wannan sau ɗaya ba zai rasa abin rubutawa ba in aka tambaye shi amfanin labarin baka da rauninsa. Haka nan labarin Bayajida: maimakon a haddace shi kawai, a tambayi yara abin da yake nunawa game da dangantakar Daura da Barno da sauran ƙasashen Hausa, da kuma dalilin da ya sa masana ba su ɗauke shi a matsayin asalin Hausawa baki ɗaya ba.

Sai dai akwai hattara a nan. Jarrabawar ta Nijeriya ce duka, kuma ɗan Arewa tilas ya san Oyo da Benin da ƙasar Ibo da garuruwan bakin teku kamar yadda ake bukatar ɗan Kudu ya san Barno da Zazzau. Hanya mai sauƙi ita ce gwada abin da ba a sani ba da abin da aka sani. Yaron da ya fahimci aikin masu zaɓen sarki a masarautarsu zai yi saurin gane matsayin majalisar Oyo Mesi a gaban Alafin. Wanda ya san yadda En'e ta tsaya a kan sarki da alƙali da baitulmali zai iya bayyana dalilin da ya sa mulki ta hannun sarakuna ya zauna a Arewa, amma ya ci tura a Gabas, inda Turawa suka naɗa wa mutane sarakunan da al'adarsu ba ta san da su ba, har abin ya kai ga boren matan Aba a 1929.

TAMBAYOYIN BAYA DA TSARIN BITA

Tambayoyin shekarun baya suna da amfani ƙwarai in an san yadda za a yi da su. Kuskuren da ake yi shi ne haddace amsoshin da aka buga a bayan littafin, waɗanda wasunsu ma ba daidai ba ne. Abin da ya fi shi ne a tattara tambayoyin shekara biyar ko goma, a rarraba su bisa batutuwan manhaja, a ga ta fuska nawa aka taɓa tambayar batu guda. Daga nan ɗalibi ya rufe littafi, ya ajiye agogo a gabansa, ya amsa tambaya ɗaya cikin minti talatin, tun da abin da zai samu ke nan a ranar jarrabawa. In ya gama sai ya buɗe littafi ya duba abin da ya tsallake, ko ya ba abokinsa ya duba masa. Insha'i ɗaya a kowane mako tun daga farkon ajin ƙarshe ya fi kwana goma na karatun dare a jajibirin jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙungiyar bita ta yara huɗu ko biyar ita ma tana taimakawa, musamman inda littafi ya yi ƙaranci. Kowa ya ɗauki batu guda ya karanto, ya zo ya koya wa sauran, su kuma su yi masa tambayoyi. Wanda ya iya bayyana wa abokansa dalilan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 har suka gamsu, ba zai kasa bayyana wa mai duba takarda ba.

Wayar hannu ta zo da sauƙi da kuma haɗari. Da ita ake samun manhaja da rahoton masu duba takardu da taswirori da laccocin malamai. Da ita kuma ake yaɗa labaran tarihi marasa tushe, da tallan 'yan damfara masu cewa suna da tambayoyin jarrabawa kafin ranarta. Duk abin da aka gani a waya a gwada shi da littafi kafin a yarda da shi. Satar jarrabawa kuwa laifi ne a ƙarƙashin dokar da aka kafa a 1999, kuma hukumomin jarrabawa sukan riƙe ko su soke sakamakon wanda aka kama, wani lokaci har su janye amincewarsu daga makarantar baki ɗaya.

NAUYIN DA KE KAN MANYA

Duk abin da aka zayyana a sama ba zai tabbata ba sai manya sun sa hannu. Jami'in da ke Ma'aikatar Ilmi yana iya bincika makarantu nawa ne a shiyyarsa suke da malamin da ya karanci Tarihi, domin a wurare da dama wanda ya karanci wani fanni dabam ake ɗora wa darasin. Mai duba makarantu, in ya je rangadi, ya nemi ganin manhaja da littattafan insha'in yara, ya ga sau nawa aka ba su aiki aka kuma duba. Shugaban makaranta yana iya buɗe ɗakin ajiyar da aka kulle tsofaffin littattafai a ciki, ya kuma ware kuɗin mota na ziyara ɗaya a shekara. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, waɗanda sukan gyara azuzuwa su haƙa rijiyoyi, suna iya ƙara littattafai ashirin da taswira biyar a cikin kasafinsu.

Uba ma'aikaci kuma, wanda ya yi wannan jarrabawa a zamaninsa, yana da abin bayarwa fiye da kuɗin rajista. In ya zauna da ɗansa rabin sa'a a mako, ya ce ya ba shi labarin abin da aka koya musu, ya riƙa tsayar da shi yana tambayarsa dalili, to, ya yi masa irin bitar da babu ɗan littafin kasuwa da zai yi masa. Yaran da ke ajin ƙarshe a yau su ne za su riƙe ofisoshin ƙasar nan nan da shekara ashirin, su rubuta takardun da za a yanke shawara a kansu game da filaye da iyakoki da sarautu da zaman ƙabilu, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura yana da tarihin da in ba a san shi ba za a yanke hukunci a cikin duhu.